Mashin ya yi wata 14 a ajiye, yanzu ya ƙi tashi: ta ina zan fara?

Ɗan Mabera

Assalamu alaikum. Masu sanin kan mashin, a taimaka mani. Tsohon mashin ne ɗan China mai injin CG 125, yana da kik yana da sitata. An jingine shi a zaure nan Mabera, Sakkwato, wata 14 ke nan, ya ga damina, ya ga hunturu, ya ga bazara. Lafiya lau aka ajiye shi, da kusan rabin tanki na mai, famfon mai kuma a buɗe aka bar shi.

Halin da yake ciki yanzu: in an murɗa makulli koriyar fitilar firi ba ta kamawa, hon ba ya kuka, sitata shiru. Kik yana sauka, bai cije ba, amma injin ko tari ba ya yi. Na ƙara sabon mai lita 2 a kan tsohon, babu canji. An ce in sayi batir da fulogi da sabuwar kabureta gaba ɗaya. Kafin in kashe kuɗin, ta ina ya dace in fara?

Bakaniken Gidan Igwai

Wa alaikumus salam. Malam, mayar da kuɗinka aljihu tukuna. Inji abu uku yake nema kafin ya tashi: mai, wuta, matsi. Kowanne akwai gwajin da ake yi masa ba tare da an sayi komai ba.

Amma ka dakata da kik ɗin nan sai ka duba baƙin mai. Ka ce famfo a buɗe aka bar shi. Allurar da ke tsayar da mai a cikin kabureta in ta tsufa tana yoyo, fetur ya riƙa tsiyaya a hankali ya gangara silinda, ya bi gefen fistin ya haɗu da baƙin mai. Ɗora mashin a kan babban jak, zaro geji, goge, mayar ba tare da ka ɗaure ba, sake zarowa. In ya wuce layin sama, ko ya tsinke kamar ruwa, ko ka ji warin fetur, zubar da shi kafin injin ya tashi. Irin wannan man ba ya riƙe ƙarfe, yana iya ci maka ringi. CG tana shan kusan lita 1, ka zuba 20W-50. Murfin da ake kwancewa a ƙasa ta hagu, na sifana 24, akwai sifirin da 'yar rariya a bayansa. Wanke rariyar da fetur, ka lura da yadda ta fito don ka mayar da ita haka.

Sai fetur. Ƙara sabo a kan tsoho da ka yi bai gyara komai ba, lita 2 ɗin ma ta lalace. Fetur yana da ɓangare mai saurin tashi, shi ne ke kama wuta in inji yana da sanyi. Zafin Sakkwato na watan Afrilu, da ke haura digiri 40, shi yake fara kwashewa. Abin da ya rage sai ya yi ja, ya yi wari kamar fenti, ya bar danƙo duk inda ya kwana. Cire tiyo daga kabureta, sa bakinsa cikin farar gora, buɗe famfo a RES, wato wurin man ajiya, ka juye tankin kaf. Ajiye gorar ta natsu minti 5. Ruwa zai kwanta a ƙasa ka gan shi daban, tsatsa kuma kamar garin jan bulo. Ka kuma lura da yadda man ke fita: ya kamata ya zubo ya cika bakin tiyo. In ɗigo yake yi, rariyar famfo ta toshe. In ya fara zuba sai ya tsaya, da ka buɗe murfin tanki kuma ya ci gaba, ƙaramar kafar iska ta murfin ce ƙura ta liƙe.

Gwajin wuta: kwance fulogi da sifanar fulogi lamba 18, mayar da shi cikin hularsa, manna jikin ƙarfensa a kan injin, nesa da ramin da ya fito, ka kunna makulli ka buga kik. A inuwa za ka yi, cikin rana ba za ka ga komai ba. Tartsatsi shuɗi mai ƙara tas-tas shi ne lafiya. Ja ko ruwan ɗorawa mai rauni, ko babu sam, to matsalar ta wuta ce.

In wuta ta yi kyau, zuba rabin ƙaramin cokali na sabon fetur a ramin fulogi, ɗaure fulogin, buga kik. Ya tashi ya yi daƙiƙa biyu ko uku ya mutu? Wuta da matsi sun fita daga zargi, kabureta ce ba ta ba shi mai. Kada ka wuce rabin cokali, kuma kada a yi wannan kusa da murhu ko mai shan taba.

Gwada waɗannan ka dawo mana da abin da ka gani.

Mai Wayarin Arkilla

Oga ya yi bayanin mai, ni bari in taɓa ɓangaren wuta.

Mutuwar batir ba ita ke nufin kik ba zai tada shi ba. Yawancin tsofaffin CG ɗin nan CDI ɗinsu, wato ɗan akwatin da ke sarrafa wutar fulogi, daga maganeto (janaretan da ke cikin injin) yake samun wuta kai tsaye, ko ka cire batir ka ajiye gefe kik zai tada injin. Akwai kuma waɗanda CDI ɗinsu batir yake ci, su kam in batir ya mutu ko ka kwana kana kik ba tartsatsi. Yadda za ka bambance: bi wayoyin da suka shiga CDI. In akwai baƙa mai jan layi da ta taso daga maganeto, na farkon ne. In babu ita, sai baƙa zalla da ke kawo wutar makulli, na biyun ne.

In ba ka ga tartsatsi ba kada ka yi saurin cewa CDI ya ƙone. CDI ba ya lalacewa don an ajiye mashin, abin da ke kewaye da shi ne ke lalacewa. Fara da hular fulogi: murɗe ta daga wayar, yanke kusan santimita 1 daga bakin wayar inda ya yi kore, riƙe bakin kusa da jikin injin da filaya mai hannun roba, tazarar milimita 5 ko 6, ka buga kik. In wuta ta yi tsalle a nan, hula ko fulogi ne. Hular kirki mita tana nuna kusan ohm 5,000 a kanta.

In har yanzu shiru, zare baƙar waya mai farin layi daga soket ɗin CDI. Ita ce wayar kashewa, makulli yana haɗa ta da jiki ne ya kashe injin. Damina takan sa tsatsa a cikin makulli ko maɓallin kashewa na kan hannu, sai ya zama kullum a kashe yake ko ka murɗa. Ka zare ta wuta ta dawo, makulli ne mai laifi. Sai dai ka sani, muddin tana zare makulli ba zai kashe injin ba, sai ka sa giya ka taka birki ka saki kuloci a hankali.

Ka ɗaga kujera da tanki ka duba da ido. Mashin da ya shekara a zaure gidan ɓera ne. Suna son robar waya, kuma ƙarƙashin tanki suka fi ci, daidai inda kwayil mai tura wuta zuwa fulogi yake. Koriyar waya ita ce ta jiki. Kwance notin da ya kama ta, goge wurin da sanfefa har ƙarfe ya yi fari, ka ɗaure.

Batun batir: auna shi da mita. Cikakke volt 12.6 zuwa 12.8 yake nunawa. Wanda ya yi wata 14 ba caji, da wuya ka same shi sama da 10, kuma farin gishiri ya riga ya kama farantan ciki. Za ka iya gwada shi: in mai ruwa ne, cika kowane rami zuwa layin sama da ruwan batir tatacce, ba asid ba, ba ruwan rijiya ba. A caja shi a hankali, kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa. Wanda aka rubuta 7Ah a jikinsa, amfiya 0.7 na kamar awa 10. Masu caji da yawa babbar caja ta mota suke jona masa don ya yi sauri, sai ya yi zafi ya kumbura. Bayan caji a bar shi ya huta awa guda a sake aunawa. In ya sauka ƙasa da 12.2, ko ya faɗi ƙasa da 9.5 da an danna sitata, ya gama aiki. Duba fiyus kusa da batir kafin ka yanke hukunci, wani lokaci shi kaɗai ne ya hana fitilar firi kamawa.

Ɗan Mabera

Allah shi saka da alheri. Ga abin da na samu. Baƙin mai ya haura layi, warin fetur ƙarara, na canza shi. Man tanki ya fito ja, da ɗan ruwa da tsatsa a gindin gora. Wayar baƙa mai jan layi tana nan. Fulogi ya ba da wuta shuɗiya. Da na zuba rabin cokali ya tashi ya yi ƙara sau ɗaya ya mutu. Sau biyu na gwada, haka yake yi. Batir ya nuna 6.

Bakaniken Gidan Igwai

Madalla, ka kama ɓarawon. Kabureta ce, kuma wanki take so ba canji ba.

Rufe famfo. Kwance murfin sama inda wayar totur ta shiga, zaro shi da silaid (ƙarfen da ke hawa da sauka yana buɗe hanyar iska) da doguwar allura, ka rataye su kada su taɓa ƙasa. Sassauta zoben robar iska ta baya, kwance noti biyu na gaba da sifana 10, kabureta ta fito hannunka. Shimfiɗa farin ƙyalle a tire ka yi aikin a kai. Kayan cikin ƙanana ne, in ɗaya ya faɗa yashi kun rabu.

Juya ta ka kwance sukurorin kofin ƙasa. Ka samu sukudireba da ta zauna daram, ka danna da ƙarfi kafin ka murɗa, ƙarfensu laushi gare shi, kan ya cinye sai an sha wuya. A cikin kofin za ka tarar da danƙo kore ko ruwan ƙasa. Tura fil ɗin da ya riƙe fulot, wato abin da ke iyo a kan man kofin, ɗaga fulot ɗin, allurar tsayar da mai za ta biyo shi.

Jet, wato ƙananan sukurori masu kafa da mai ke bi ta ciki, biyu ne na tagulla. Babban yana tsakiya, shi ke aiki in an ja totur sosai. Ƙaramin yana gefensa, siriri, shi ne jet ɗin silo, kuma shi ke ba da man tashi da na tsayuwa. Kafarsa ba ta kai rabin milimita ba, don haka shi danƙo ke fara rufewa. A mashin da aka ajiye, galibi nan ciwon yake. Mutane da yawa suna wanke babban su ga haske ya wuce su ce sun gama, ƙaramin na nan a toshe.

Kwance su duka biyun. Kwance kuma sukurun iska da ke gefe, amma kafin ka fitar da shi, murɗa shi ciki a hankali kana ƙirga zagaye har ya zauna, ka rubuta adadin. Bayansa akwai sifirin, a wasu har da 'yar wosha da zoben roba, kada su ɓace. Jiƙa kayan tagullan a tina ko maganin wanke kabureta na feshi kamar rabin awa. Roba da gaskit kada su shiga, kumbura suke yi. Sai ka ɗaga ƙaramin jet ɗin ka kalli haske ta cikinsa: zagayayyen haske kake nema, ba ɗan tsinke ba. Ƙananan kafofin da ke gefen jikinsa su ma sai sun buɗe. Daga nan fesa magani ta ramin da jet ɗin ya fito, ka ga ya fito ta 'yar kafar da ke cikin maƙogwaron kabureta da kuma bakin iska na baya. In bai fito ba hanyar ciki a toshe take, ko sabon jet ka sa aikin banza ne. Kai ta wurin mai faci ya busa mata iska. Kare idonka, maganin yana dawowa fuska.

Kada ka zura allurar ɗinki ko wayar ƙarfe a jet. Tagulla ce, kafar za ta faɗaɗa, mashin ya koma shan mai da baƙin hayaƙi.

Duba bakin allurar tsayar da mai. In ka ga zobe ya fito a kan tsinin, ta cinye, canza ta, ita ce ta cika maka baƙin mai da fetur. Girgiza fulot kusa da kunne, in ka ji ruwa a ciki ya huje.

Wurin mayarwa, sukurun iska ya koma adadin da ka rubuta. In lissafin ya ɓace, rufe shi a hankali ka buɗe zagaye ɗaya da rabi, daga nan ake fara saiti. Silaid yana da tsaga a gefe da ke bin wani ɗan haƙori a ciki, in bai shige da kansa ba kada ka danna, juya shi.

Tankin kuma sai an wanke, in ba haka ba kwana biyu tsatsa za ta sake cika jet ɗin. Sauke shi, cire famfo, toshe ramin, zuba kananzir lita 1 da ƙananan notuna cikin tafin hannu, ka ƙirga su kafin ka zuba. Girgiza sosai, juye, ɗauraye da fetur har ya fito fari. Sa 'yar matatar mai ta roba a tsakiyar tiyo, kibiyarta na kallon kabureta. Tiyon da ya bushe ya yi tauri a canza shi.

Baba Na Kwannawa

Yaro, Oga ya gaya maka gaskiya, amma akwai abin da ku 'yan zamani kuke mantawa: zanzaro. Mashin da ya yi damina a zaure, sai ka leƙa bakin salansa. Zanzaro yana gina ɗakinsa na laka a ciki, yana kuma liƙe bakin siraran tiyo na kabureta, na numfashi da na zubar da rarar mai. In na numfashin ya toshe, mai ba ya sauka kofi yadda ya kamata ko kabureta tana walƙiya don tsabta. Sa tafin hannu a bakin salansa wani ya buga kik, ka ji iska na bugun hannunka. In babu, sauke salansar ka bubbuga ta.

Buɗe akwatin iska ma. Soson ciki in ya tsufa rugurgujewa yake kamar burodi, injin ya zuƙe shi. Wani lokaci sheƙar ɓera za ka tarar, da ɓawon gyaɗa. Soso mai kyau a wanke shi da kananzir, a matse ba a murɗe ba, ya bushe, a ɗiga masa baƙin mai kaɗan a sake matsewa. Busasshen soso ba ya tare ƙurar hunturu irin tamu.

Kan maganar waya kuwa, ban bi Oga duka ba. Allura da wayar birki haramun ne, na yarda. Amma sili ɗaya na jan ƙarfe daga cikin wayar lantarki ya fi tagullar jet laushi, ba ya ɓata ta, kuma akwai danƙon da jiƙo kaɗai ba ya fitarwa.

In ya tashi kada ka zabura ka hau titi. Farantan kuloci suna mannewa in sun daɗe, kana sa giya ɗaya sai ya yi tsalle ya mutu, ko ya kai ka bango. Kafin ka tada shi, sa giya biyu, matse kuloci, ka tura shi gaba da baya har ya sake. Gwada birkin gaba da na baya a tsaye. Taya ka duba gefenta, in ta tsattsage kada ka ɗauki kowa a kai.

Bakaniken Gidan Igwai

Baba, ranka shi daɗe, na karɓi gyara kan silin jan ƙarfe, in dai a hankali za a yi, ba a riƙa gurzawa ba.

Ƙari ga mai irin wannan matsala wanda gwajin cokali bai tada nasa ba alhali wuta na nan: matsi zai duba. Cire fulogi, toshe ramin da babban yatsa, a buga kik. Inji mai lafiya ture yatsan yake da ƙarfi. In iska ce sama-sama, zuba ƙaramin cokali ɗaya na baƙin mai a ramin ka sake. Matsi ya dawo, ringi ne suka manne ko suka cinye. Bai dawo ba, bawul ne ba ya rufuwa, sau da yawa tsatsa ko danƙo ya riƙe shi a buɗe. Buɗe murfin kan injin, a juya injin a hankali ka ga duka biyun suna sauka suna dawowa. Tazarar tafet, wato ratar da ke tsakanin kan bawul da hannun da ke danna shi, a CG milimita 0.08 ce, a bawul na shiga da na fita, injin da sanyi, alamar T ta maganeto tana daidai da tsagar leƙawa, kuma a zagayen da hannuwan biyu suke kaɗawa. Masu saitawa da reza suna samun kusan 0.10, zai yi ɗan ƙara amma ya fi a matse shi.

Fulogin CG shi ne D8EA, tazarar bakinsa milimita 0.6 zuwa 0.7. Mai roba-roba 110 kada ya ɗauki lambobin nan duka: nasa fulogin C7HSA ne, sifana 16, tafet 0.05.

Ɗan Mabera

Alhamdu lillahi ya tashi. Ƙaramin jet ɗin a toshe yake ƙirin, tiyo ɗaya kuma da lakar zanzaro kamar yadda Baba ya ce. Saura abu biyu: sai da cok yake tsayawa, da na mayar da cok sai ya mutu. Sannan mai yana ɗiga ta siririn tiyon ƙasan kabureta.

Bakaniken Gidan Igwai

Ɗigon nan allurar tsayar da mai ce ba ta rufewa. Rufe famfo, bar injin ya shanye abin da ke kofi, ƙwanƙwasa gefen kofin da gindin sukudireba, ka buɗe famfo. In datti ne ya tokare, man da zai shigo da ƙarfi zai wanke shi. In bai daina ba, sake buɗewa ka goge mazaunin allurar da auduga a kan tsinken ashana, ka sa sabuwar allura. Ka tabbata kuma sukurun juye mai na gindin kofi a ɗaure yake, a yawancinsu ta tiyo ɗaya suke zubarwa.

Tsayuwa sai da cok kuwa ma'anarta iska ta fi mai yawa a silo. Ko dai hanyar ƙaramin jet ba ta gama buɗewa ba, ko iska na satar shiga tsakanin kabureta da injin. Gwada na biyun tukuna don ya fi sauƙi: yana kunne, fesa maganin kabureta kaɗan a mahaɗar, nesa da salansa. In ƙarar injin ta canza, zoben roba ko gaskit ɗin wurin ya bushe, canza shi, ka ɗaure notin biyu daidai wa daida. In ba ta canza ba, sauke kaburetar ka sake bin hanyar silo da feshi da iska.

Bayan nan ka bar shi ya yi zafi minti 10, cok a mayar. Ɗaga silo kaɗan da babban sukurun mai sifirin, sai ka riƙa juya sukurun iska kwata-kwatan zagaye, kana jira daƙiƙa kaɗan bayan kowane juyi, har ka samu inda injin ya fi sauri da santsi. Nan za ka bar shi, ka sauke silo zuwa kusan juyi 1,400 a minti in akwai agogon juyi, in babu sai inda yake tsayawa ba rawa.

Batir mai nuna 6 ka sayi sabo kawai. Da ka ɗaura, sa mita a kansa ka ja totur kaɗan, ka ga tsakanin 13.5 da 14.5. Ƙasa da haka ko sama da 15, a duba rektifaya mai daidaita cajin batir kafin ta kashe sabon. Baƙin man da ka zuba yanzu kuma na ɗauraya ne, tun da ragowar fetur na cikin injin, kuma allurar ta ci gaba da yoyo bayan ka canza shi. Yi kilomita 200 zuwa 300 da shi ka sake zubarwa, kuma har ka canza allurar, duk inda ka tsaya ka rufe famfo.